Madacin Kumandan

Abu na farko da Faransa ta koya mini shi ne muryata ta fi fuskata farin jini. A waya, in na yi magana da faransancin da na shekara da shekaru ina gyara wa yara a lakwal, wato makarantar boko, ta Madarumfa, sai masu gidajen haya su ce, "Zo mana, Mushe, ɗakin yana nan." In na zo na ƙwanƙwasa, aka buɗe ƙofa aka gan ni, sai a tuna ashe ɗazun nan wani ya kama shi. Ban taɓa ganin garin da ɗakuna ke ƙarewa tsakanin tashar bas da bakin ƙofa ba sai nan.

Sunana Sani, malamin tarihi ne ni. Gurbin ƙaro ilimi na shekara guda na samu a jami'ar wani ƙaramin gari can arewacin ƙasar, inda rana ke leƙowa kamar suruki mai kunya, ta gaida mutane daga nesa ta koma. Kafin in isa can sai da na yada zango a Pari. Nan wani ɗan ƙasarmu, wanda ya ce shi ɗan wajen Ɗan Issa ne, ya tarbe ni da Hausa mai daɗin ji, ya karɓi abin da ya karɓa da sunan ya kama mini ɗaki a garin da zan je, ya damƙa mini mabuɗi. Da na isa na bi kwatancensa, sai ga ni tsaye gaban shagon wankin tufafi. Mabuɗin yana wurina har yau. Ban ga laifinsa ba, mabuɗi ne mai kyau, ƙofarsa ce kawai ba a gina ba tukuna.

Makonnin farko a wani masaukin matafiya na yi su, mu da yawa ɗaki guda, kowa jakarsa ce matashin kansa. Sanyi na iya daure masa. Shirun ne ya kusa kayar da ni. A garinmu in ka fito daga gida za ka bakin tabki, gaisuwa kaɗai sai ta cinye maka hantsi: a tambaye ka gida, a tambayi gajiya, a tambayi akuyar da ta ɓace bara. Nan kuwa nakan yi kwanaki ban buɗe baki ba sai a salla, har na soma jin wani abu game da na'urar sayar da tikitin bas, don ita aƙalla takan rubuta mini na gode. A cikin bas, kujerar da ke gefena ita ce ta ƙarshen samun mai zama. Na ɗauki abin a matsayin girmamawa, irin filin da ake bar wa manya, domin in ban ɗauke shi haka ba, ban san inda zan ajiye shi ba.

Mutum guda ke kallon idona a garin nan: wata Balarabiya 'yar Maroko mai gidan burodi kusa da tasha, wadda ke ce mini "ɗan'uwana", ta kuma riƙa jefa mini ƙarin gutsure a cikin takarda ba tare da ta ce komai ba. Ita ce ta ce mini wata rana, "Akwai wata tsohuwa bayan coci. 'Yan ƙasarku kaɗai take ba ɗaki. An ce can aka haife ta."

Na je ban sa rai ba. Aka buɗe ƙofa, sai ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa, gashi fari fat, ta dogara da sanda. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa." Da Hausa. Ni da na zo da jawabina na faransanci a shirye, sai na ji kaina ina amsa mata da Hausa.

A Maradi aka haifi Madam, zamanin mulkin Nasara, kuma a bakin matar da ta goya ta ta koyi Hausa. Daga baya na lura Hausar tata kashi biyu ce, gaisuwa da umarni: ina kwana, sannu, zo, kawo, maza, bari. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun bai samu shiga kunnenta ba. Duk sauran maganarmu da faransanci muke yi. Ta ba ni ɗaki a sama, mai ɗumi, da haya ɗan kaɗan, bisa sharaɗi guda: hannuwanta sun gaza, ni zan riƙa ba shuke-shukenta ruwa.

A bayan gidan akwai wani ɗaki na gilashi da ake ɗumama shi dare da rana. Cikin furanni da ban san sunansu ba, a cikin rabin ganga, na ga wani itace da ban buƙaci a gabatar mini da shi ba. Madaci ne. Ya tsufa bai girma ba, duk sa'ad da kansa ya taɓa gilashin sama sai a datse shi.

"Babana ya zo da shi," in ji Madam. "Zo ka gani."

Ta kai ni falo ta nuna mini wani hoto a bango. Baban nata ne, Nasara, tsaye da farar malfa, hannu a ƙugu. Bayansa hanya ce miƙaƙƙiya, gefe da gefe ƙananan dashe, kowane an kewaye shi da ƙaya, ga kuma yara can nesa da tuluna a kai.

"Mutanen can suna sonsa ƙwarai," ta ce. "Har suna suka sa masa, Mai Madaci."

Na san sunan tun ban san nawa ba. Abin da ban sani ba, ashe shi ne gunkin tagullar nan da ke tsaye tsakiyar dandalin garin, wanda nake wucewa kullum tattabaru na zaune a kansa. Bayan ya gama kumandanci a ƙasarmu ya dawo gida, ya zama magajin gari, ya zama sanata, ya gina musu asibiti da makaranta. A jikin dutsen da yake tsaye an rubuta cewa ya shuka itace a inda babu inuwa.

To, ga yadda muka san shi mu. Akwai tsohuwar hanya da ta fito daga wajen garinmu, madatai jere a gefenta, manya, inuwarsu ta haɗe a sama. Kumandan ne ya sa aka dasa su, ya raba wa kowane gida nasa dashen, a ba shi ruwa duk rani. In naka ya mutu, dogaran kumandan masu jar hula su zo su tafi da namiji guda daga gidan zuwa aikin tilas. Kakata ta wajen uwa, Kande, tana yarinya lokacin, iyayenta manoma ne masu bin addinin gargajiya daga wajen Gabi. Akuya ta kutsa cikin ƙaya ta cinye ɗaya daga cikin dashen gidansu. Aka zo aka tafi da yayanta Nomau, kuma ba a sake ganinsa ba. Sauran dashen suka koma kan Kande. Safe da maraice take ɗebo ruwa daga tabki, don kada a dawo a ɗauki ubanta. Har ta rasu, tsakiyar kanta babu gashi, daidai faɗin gammo.

Kuma har ta rasu ba ta taɓa shiga inuwar itatuwan nan ba. Ina yaro in mun biyo hanyar ranar kasuwa, kowa ya bi gefe cikin sanyi, ita sai ta fita can cikin gona ta bi rana. In ce, "Kaka, zafi." Ta ce, "Kai mijin nan nawa rago ne. Shiga abinka. Ni da itacen nan mun san juna, ba sai mun gaisa ba."

Ban gaya wa Madam ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na ce hoton ya yi kyau. Washegari na cika arozuwar, butar ban ruwa irin ta masu garka a bakin tabkinmu, na ba madacin kumandan ruwa. Ina zubawa ina tunanin yadda tarihi ke da son gida guda: ya yi mana tambaya a zamanin Kaka, bai gamsu da amsa ba, ya biyo jikanta har ƙetaren teku ya maimaita.

Gaskiya kuma dole a faɗe ta, Madam ta kyauta mini. Ta ba ni babbar rigar sanyin mijinta marigayi. Ta daina sa naman alade a tukunyar da muke ci tare ba tare da na roƙa ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta hau matakalar nan da sandarta, mataki ɗaya hutu ɗaya, ta kawo mini romo ta ce, "Sha, maza." A duk garin ita kaɗai ce in na makara take tambaya ina na tsaya.

Ana tsakiyar sanyi rigima ta tashi. A gefen garin akwai wasu dogayen gidaje inda aka tara baƙaƙe da Larabawa, waɗanda aka haifa a nan amma har gobe ake tambayarsu daga ina suka zo. Wata safiya aka tashi aka tarar an watsa wa gunkin jan fenti. Gari ya rabu, masu cewa a tumɓuke shi da masu cewa ko ƙura kada a taɓa. Hukumar gari ta sa ranar taron jama'a. Sai kwatsam ni, wanda babu mai zama kusa da shi a bas, na zama abin nema.

Wadda ta fara zuwa wata ɗaliba ce mai suna Fatu, iyayenta 'yan Mali, ita ke jagorantar masu son a cire gunkin. Ta tare ni a ƙofar ɗakin karatu, tana kirana Tonton, wato kawu.

"Tonton, an ce daga garin da ya mulka kake. Za ka zo ka gaya musu mai kisan kai ne."

"Ban ji an ce ya kashe kowa da hannunsa ba."

"Irinsu ai ba su ɓata hannu. Tonton, ƙanena ba ya iya ratsa dandalin nan 'yan sanda ba su tsayar da shi ba, a gaban gunkin nan, a garin da aka haife shi. Kai za ka koma gida. Mu nan ne gidan."

Ba ta faɗi ƙarya ba.

Madam kuwa a kan tebur ta yi tata maganar, tana yanka burodi. "Sani, za ka gaya musu batun itatuwan. Duk garin nan kai kaɗai ka taɓa zama ƙarƙashinsu." Ɗanta, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya zo daga birni a ƙarshen mako. Ya raka ni har gindin matakala, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mama ta riƙe ka kamar ɗa. Na tabbata kai mutum ne mai tuna alheri. Ɗaki yana wuya a garin nan, ka sani." Na ce na sani. A wannan fannin na fi shi ilimi.

Na kira Kawu Illa a waya, ɗan Kaka Kande, wanda ke da teburin shayi a gindin ɗaya daga cikin madatan nan. Na zayyana masa komai.

"To mi ya yi wahala?" ya ce. "Ka ce itace na da inuwa. Ƙarya ka yi? Ga ni cikinta yanzu haka."

"Kawu, Nomau fa?"

"Nomau Allah ya ji ƙansa, ni ban ma gan shi ba. Nasaran nan ko mi ya yi, ya bar muna inuwa. Waɗanda suka zo bayansa mi suka shuka? Kai, ɗakin mutane kake, sanyi ake, jarrabawa na gabanka. Ka rufe bakinka ka karɓo takardarka. Uwarka na gaishe ka."

Da wannan shawarar na shiga zauren taron, kuma da niyyar bin ta. Tsofaffin gari sun cika kujerun gaba, Madam na tsakiyarsu da ɗanta. Su Fatu na tsaye a baya, jikin bango. Wani dattijo ya tashi kafin ni ya yi dogon jawabi, ya rufe da cewa marigayin da hannunsa ya mai da busasshiyar ƙasa lambu. Sannan aka kira ni, aka gabatar da ni a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka ci moriyar aikinsa.

Na ce itatuwan gaskiya ne, suna nan, kuma babu inuwa mai daɗinsu a duk yankinmu. Na ce a ƙarƙashinsu na yi bitar darussana ina yaro, a ƙarƙashinsu kawuna ke neman abincinsa. Kujerun gaba suka yi tafi. Madam ta dube ni fuskarta ta yi haske. Nan ya kamata in zauna. Ƙafata ma ta fara juyawa.

Amma maganar dattijon nan, "da hannunsa", ta tsaya mini a wuya. Ni malami ne, in yaro ya ba da rabin amsa ba ni iya cewa ya zauna. Sai na ji bakina yana cewa, "Sai dai itace ba ya girma da umarni. Bari in gaya muku yadda aka ba su ruwa." Na faɗi rabon dashe gida-gida. Na faɗi akuyar, da masu jar hula, da Nomau. Na faɗi tulun kakata da tsakiyar kanta, har na ɗaga hannu na kwatanta musu faɗin gammo. Ban ɗaga murya ba, yadda nake ba da darasi bayan azahar haka na ba da shi. Zauren ya yi tsit, irin shirun da na riga na saba da shi.

Mai jagorantar taron ya ce, "To Mushe, a cire ko a bari?"

Na ce, "Gunkinku ne, dandalinku ne. Ni abin da na gani, an rubuta wanda ya sa a shuka, ba a rubuta waɗanda suka ɗebo ruwa ba."

Babu wanda na gamsar. A bakin ƙofa Fatu ta ce, "Tonton, mun zo neman guduma ka ba mu alli." Ɗan Madam bai ɓata lokaci ba, cikin ladabi ya ce yana buƙatar ɗakin a ƙarshen wata, za a yi gyara.

Sauran kwanakin Madam ba ta ce mini uffan ba. Abinci na kan tebur a rufe, ita tana ɗakinta. Ni kuma na ci gaba da ba shuke-shuke ruwa, tunda ba a ce in daina ba. Wannan shirun ya fi na masaukin matafiya ciwo, don wancan na waɗanda ba su san ni ba ne.

Ran da zan tashi, na sauko da jakata da hantsi, sai na ji ƙarar ruwa a madafa. Madam ce ta cika arozuwar har baki. Ta jingine sandarta, ta kama shi da hannu biyu, tana jan ƙafa za ta ɗakin gilashi, ruwa na zuba a kan silifas ɗinta. A gidanmu yaro ba ya ganin babba da kaya ya tsaya kallo. Kafin in yi tunani na ajiye jaka na miƙa hannu.

"Bari," ta ce, da Hausa.

Na bari. Na bi ta a baya hannuwana a buɗe ko za ta faɗi. Ta huta a bakin falo, ta huta a bakin ƙofa, ta kai shi gindin madacin da ƙyar, rabin ruwan ya tsiyaye a hanya. Ta juye sauran, ta zauna a bakin ganga tana haki.

"Daga tabkin zuwa hanyar, nisansa kamar daga ina zuwa ina?"

"Kamar daga nan zuwa tasha, Madam. Ko ya ɗan fi."

Ta dubi arozuwar da ke gabanta. "Yaya sunanta, kakar taka?"

"Kande."

"Kande," ta maimaita, ta faɗe shi daidai, ba irin faɗin Nasara ba. "Tana cikin hoton?"

"Ban sani ba. Fuskokin yaran ba su fito ba."

"Tun rasuwar babana nake goge ƙurar hoton nan," ta ce. "Ban taɓa kallon yaran ba."

Ba ta ce in zauna ba, ba ta nemi gafara ba, ni ma ban nema ba. Na cire rigar mijinta zan rataye, ta ɗaga hannu ta ce, "Tafi da ita, ana sanyi." Iyakar sallamarmu ke nan.

Balarabiyar nan ce ta ba ni wani lungu a saman gidan burodinta, tsakanin buhunan fulawa, inda zafin tanda ke hawowa ta ƙasa. A nan na ƙarasa karatuna, ina shiga aji da ƙamshin burodi a jikina, wanda ya sa a karon farko wasu suka fara zama kusa da ni. Hukumar gari kuwa ta kafa kwamiti ya duba batun gunkin. Har na baro ƙasar yana tsaye, an wanke fentin, tattabaru sun koma bakin aikinsu.

Da na dawo Madarumfa, bayan an gama zuwa yi mini barka, na tafi tsohuwar hanya wurin Kawu Illa. Na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba: waɗanne ne na gidanmu? Ya nuna da ludayin shayi, ko tashi bai yi ba. Wancan, da wancan, da wannan da muke ƙarƙashinsa. Gurbin wanda akuya ta ci yana nan tsakaninsu, fili, rana na zuba ta ciki.

Na zauna a kan benci na jingina da gindin. Mutum biyu ba su iya rungume shi.

"Ka ga ni," in ji Kawu yana miƙo mini kofi. "Ka tafi can ka yi musu surutu, ka kwana cikin fulawa, ga shi ka dawo inuwar Nasaran dai."

"Ba tasa ba ce, Kawu. Ta Kande ce."

Ya ajiye ludayin. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rassan. Sannan ya ɗauki butar da ke gefensa, ya karkata ta zai tsiyaye sauran ruwan a gindin itacen kamar yadda ya saba in zai tashi. Sai ya tsaya, ya mai da ita ƙasa.

"A'a," ya ce. "Wannan ya sha isasshe daga gidanmu."